Alhaji Sir Usman Nagogo, Sarkin Katsina, Gwanin Doki

A ƙasar Hausa babu dabbar da ake girmamawa kamar doki. Da shi kakanninmu suka yi yaƙi, da shi manzannin sarakuna suka riƙa kai saƙo daga birni zuwa birni, da shi kuma ake hawan salla har wa yau. Ku yaran Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar kun saba ganin dawaki ran salla, an yi musu ado, suna taƙama a ƙofar fada. Na Maigatari kuwa ba sai sun jira salla ba, gama kowace Alhamis sukan ga an kawo su kasuwa tare da raƙuma da shanu, daga ƙasarmu da kuma ta Nijar. Wani akawal, wani kili, wani bidi, masu saye suna duba haƙori da kofato.

To, yau za mu karanta labarin wani sarki wanda sunansa ya kai ƙasashe masu nisa saboda gwanintarsa a kan doki. Shi ne Alhaji Sir Usman Nagogo, Sarkin Katsina. Za ku ga yadda wasan da waɗansu ke ɗauka abin shagala ne ya zama masa makaranta, ya kuma zama hanyar da baƙi suka san darajar mutanen ƙasarmu.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Usman Nagogo a shekarar 1905. Mahaifinsa shi ne Muhammadu Dikko, Basulluɓe, wanda a lokacin nan yake riƙe da sarautar Durɓin Katsina. Zamani ne na sauyi, gama Turawan Ingila ba su daɗe da cin ƙasar Arewa ba. A 1906 suka fitar da Sarkin Katsina Yero, na gidan Dallazawa, suka naɗa Durɓi Dikko a madadinsa. Ta haka sarautar Katsina ta koma gidan Sulluɓawa, Usman kuwa ya tashi a Gidan Korau, watau fadar Katsina.

Kamar sauran 'ya'yan Musulmi, da allo ya fara. Ya yi karatun Alƙur'ani da na littattafan addini a gaban malamai, sa'an nan aka sa shi makarantar boko ta lardi a nan Katsina. A zamanin nan iyaye da yawa suna ƙyamar boko, har waɗansu sukan ɓoye 'ya'yansu idan an zo ɗaukar yara. Sarki Dikko bai bi wannan ra'ayi ba. Shi mutum ne mai son ganin abin da ke sabo, ya auna shi, in yana da amfani ya ɗauka. A zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda manyan Arewa da yawa suka yi karatu, irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato.

A 1921 Sarki Dikko ya yi wata tafiya wadda ba a taɓa jin irinta ba. Ya tafi Ingila a jirgin ruwa, ya gana da Sarkin Ingila Joji na Biyar, ya kuma je Makka ya sauke farali. Shi ne na fari cikin sarakunan Arewa na zamanin Turawa da ya tafi aikin haji yana bisa gadon sarauta. Ya ɗauki ɗansa Usman cikin ayarin da ya je Ingila, yaron yana da shekara kamar 16. Ku duba fa, a lokacin da yawancin tsaransa ba su taɓa ganin ko jirgin ƙasa ba, shi har ya ƙetare teku ya ga birnin Landan. Tafiya mabuɗin ilmi ce, Usman kuwa ya buɗe ido tun da wuri.

Yadda ake wasan folo

Kafin mu ci gaba, ya kamata ku san wasan da ya ɗaukaka sunansa. Ana ce da shi folo, watau ƙwallon dawaki. Tsohon wasa ne ƙwarai. Sarakunan Farisa sun yi shi tun zamanin da, don su koya wa mayaƙansu zama a kan sirdi. Daga can ya bazu cikin ƙasashen Asiya. Turawan Ingila a Indiya suka gan shi, suka koya, suka kai shi ƙasarsu. Daga Ingila ya shiga Amurka a 1876, ya kuma kai Ajantina, wadda ta fi kowace ƙasa gwanaye a cikinsa. A Nijeriya, Turawa suka fara yinsa a Legas a 1904, daga baya suka kai shi Kaduna da sauran barikokinsu.

Mutum takwas ke yin wasan, huɗu nan, huɗu can, kowa bisa dokinsa. Filin yana da girma ainun: tsawonsa yadi 300, faɗinsa yadi 160 ko fiye. A kowane ƙarshe akwai ginshiƙai biyu, tsakaninsu yadi 8. Kowane mahayi yana riƙe da doguwar sanda mai kan katako kamar guduma a hannun dama, linzami kuwa a hannun hagu. Ƙwallon ƙarama ce, fara, mai tauri, ba ta wuce cikin tafin hannu ba. Abin da ake nema shi ne a buga ta ta wuce tsakanin ginshiƙan abokan karawa. Duk sa'ad da aka ci, sai a yi musanyar gefe, don kada rana ko iska su cuci waɗansu su bar waɗansu.

Ana raba wasan kashi kashi, kowane kashi kamar minti 7, ana kiransa caka. In caka ta ƙare sai a sauya dawaki, gama babu dokin da zai jure irin wannan gudu da birki da juyi na dogon lokaci. Akwai kuma wata babbar doka. In mutum ya buga ƙwallo yana bin layinta, ba a yarda wani ya gitta gabansa ba. Dalili kuwa a fili yake: dawaki biyu masu gudu in suka yi karo, ana iya rasa rai. Saboda haka duk zafin wasa, tilas mahayi ya riƙe zuciyarsa kamar yadda ya riƙe linzami.

Har wa yau akan auna gwanintar kowane ɗan wasa a ba shi lamba. Mai koyo yana farawa daga ƙasa da sifiri, gwanin gwanaye kuwa iyakarsa 10. Yawancin masu wasan har su tsufa ba su wuce 2 ba. Waɗanda suka kai 10 a duniya duka 'yan kaɗan ne a kowane zamani. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Katsinawa sun shiga fili

Da farko folo wasan Turawa ne su kaɗai. Ɗan ƙasa iyakarsa ya yi kiwon doki, ya ɗaura sirdi, ya tsaya gefe yana kallo. Sarki Dikko ya ga babu dalilin haka. Mutanen da suka gaji hawa kaka da kakanni, me zai hana su buga ƙwallo a kan doki? Da ya komo daga Ingila ya sa aka share fili a Katsina, ya sa 'ya'yansa da yaran fada su koyi wasan.

Amma fa koyon ba sauƙi gare shi ba. Hawan salla dabam, hawan folo dabam. Sirdinmu na gargajiya yana da ƙwacciya gaba da baya, yana riƙe mahayi daram. Sirdin folo kuwa ɗan ƙarami ne, shimfiɗaɗɗe, sai mutum ya manne da gwiwoyinsa, ya miƙe bisa likkafa, ya karkata ya kai sanda ƙasa, doki yana tsala gudu. Shi ma dokin sai an hore shi wata da watanni, har ya daina tsoron sanda, ya san tsayawa farat ɗaya, ya san juyawa da an ɗan taɓa shi. Ba a samun wannan da bulala. Sai da haƙuri, da kyakkyawan kiwo, dawa da dusa da harawa da kanwa a kan kari, da kuma sabo tsakanin doki da mai shi.

Cikin dukan waɗanda suka koya, Usman ya yi fice. Ba a daɗe ba 'yan wasan Katsina suka fara karawa da hafsoshin soja da ma'aikatan Turawa, suna cin su. Babban kofin da ake takara a kansa a Kaduna shi ne Kofin Jojiyan, Katsinawa kuwa sun ɗauke shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Lambar Nagogo ta yi ta hawa har ta kai 7, matsayin da ya sa ake lissafa shi a kan gaba cikin dukan 'yan folon da Nijeriya ta taɓa yi.

Don ku gane girman wannan lamba, ga misali. A Amurka an yi wani mutum, sunansa Averell Harriman, ɗan wani attajiri mai kamfanonin jirgin ƙasa. Yana cikin mutum huɗu da suka tsaya wa Amurka a karawarta da Ajantina a 1928, daga baya kuma ya zama jakadan ƙasarsa a Rasha daga 1943 zuwa 1946. Duk da dukiyarsa da zaɓaɓɓun dawakinsa, lambarsa 8 ce. Nagogo kuwa, da dawakin ƙasarmu, a filin Katsina mai ƙura, ya kai 7. Tsakaninsu taki ɗaya ne tak.

Wannan abu yana da ma'ana fiye da cin kofi. A zamanin mulkin Turawa, Bature da ɗan ƙasa ba su cika haɗuwa a matsayi ɗaya ba: wannan yana ba da umurni, wancan yana karɓa. A filin folo kuwa doka ɗaya ce ta hau kan kowa, ƙwallo kuma ba ta san Razdan ba, ba ta san talaka ba. Baturen da Nagogo ya ƙwace wa ƙwallo da yamma, da wuya ya raina shi in sun zauna shawara da safe.

Daga Wakilin Doka zuwa gadon sarauta

Kada ku zaci wasa kaɗai ya sa gaba. A 1929 aka naɗa shi shugaban 'yan dokan En'e ta Katsina, watau Wakilin Doka. 'Yan doka su ne masu tsaron gari a ƙarƙashin sarki a zamanin nan, kafin a haɗe su da 'yan sandan Nijeriya. Aikin yana bukatar horo da tsari, da sanin yadda za a bi da mutane iri iri. A 1937 aka naɗa shi Magajin Gari, hakimin birnin Katsina. A nan ya koyi sha'anin haraji, da tsabtar gari, da sasanta masu husuma. Ashe duk shiri ne Allah yake yi masa.

A farkon 1944 Allah ya yi wa Sarki Dikko rasuwa, bayan ya shekara 37 da ɗoriya yana sarauta. Aka zaɓi Magajin Gari Usman ya gaje shi. Ran 19 ga watan Mayu na 1944 Gwamnan Nijeriya, Sir Arthur Richards, ya ba shi sandan sarauta.

Tafiya zuwa bakin daga

Sa'ad da ya hau, Yaƙin Duniya na Biyu yana kan ci. An ɗebi dubban samari daga Nijeriya, da yawansu 'yan Arewa, aka kai su ƙasar Bama, gabas da Indiya, su yaƙi Japanawa. Runduna biyu ce ta Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82. Ƙasar Bama ba ta yi kama da tamu ba ko kaɗan. Kurmi ne mai duhu da duwatsu da koguna, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ga sauro, ga matsattsaku. A wurare da yawa mota ba ta shiga, sai a ɗauki kayan yaƙi a ka, abinci kuwa jirgin sama ke jefo musu. Yaron da ya tashi a fili irin na Gumel ko Daura, inda ido ke hango nesa, ku duba irin kewar gida da za ta kama shi a can. Labarin gida sai dai ɗan abin da suka samu cikin wasiƙa, ko cikin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ake bugawa a Zariya.

Bai daɗe da hawa gado ba Sarki Usman ya ɗauki hanya, ya bi ta Masar da Indiya har Bama, don ya gai da sojojin nan. Tafiya ce mai nisa da hatsari, gama yaƙi bai ƙare ba. Amma ya je, ya gan su, suka gan shi, ya yi musu magana da harshen da suka sha a nono. Wanda ya yi shekara bai ga rawani ba, ran nan ya ga sarki sukutum a gabansa. Ya kai musu gaisuwar gida, ya kuma komo wa iyaye da labarin 'ya'yansu. Wannan shi ne aikin jakada na ainihi: ya tsaya tsakanin mutanen da nisa ya raba, ya sada su.

Sarauta cikin zamani uku

Bayan yaƙi al'amuran mulki suka fara sauyawa. Aka kafa Majalisar Sarakuna a Kaduna, Sarkin Katsina yana cikin manyanta. A 1952, da aka fara naɗa 'yan ƙasa ministoci a Legas, Arewa ta ba da mutum huɗu: Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Muhammadu Ribaɗu, da Shettima Kashim, da Sarkin Katsina Usman Nagogo. Shi ba a ba shi wata ma'aikata ba, aikinsa ya zauna majalisa ya ba da shawara. Daga baya ya riƙe irin wannan muƙami a gwamnatin Jihar Arewa. Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, a 1962 kuma Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma wadda ta sa ake kiransa Sir.

A watan Janairu na 1966 soja suka karɓi mulki, aka kashe Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ƙasa ta ɗauki zafi, zukatan mutanen Arewa suka ɓaci. Wanda aka naɗa Gwamnan soja na Arewa duka kuwa ba wani ba ne, ɗan Sarkin Katsina ne, Hassan Usman Katsina, wanda ya yi karatun soja a Sandhurst ta Ingila. Ikon Allah ke nan: a ofis uba yana ƙarƙashin gwamnatin ɗansa, a gida kuwa ɗa yana durƙusa wa ubansa. Hassan ya riƙe Arewa har 1967, sa'ad da aka raba Nijeriya jiha 12, daga baya ya kai muƙamin Manjo Janar.

Daga nan ikon sarakuna ya yi ta raguwa. Aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, a 1976 kuma aka kafa ƙananan hukumomi. Sarkin da ya hau gado da kusan dukan ikon ƙasa a hannunsa, ya wayi gari aikinsa shawara da sulhu da riƙon al'ada. Ba kowa ke iya haɗiye irin wannan ba. Nagogo ya zauna da Turawa, ya zauna da 'yan siyasa, ya zauna da soja, girmansa bai zube ba. Mai wasan folo ya san ana musanyar gefe, ya san kuma ba a gitta wa mai layi. Wanda ya saba da waɗannan dokoki a fili, ba za su zame masa baƙi a fada ba.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Sarki Usman Nagogo ya rasu ran 18 ga watan Maris na 1981, yana da shekara kamar 76, bayan ya shekara 37 bisa gadon sarauta. Har ƙarshen ransa shi ne uban ƙungiyar folo ta Nijeriya. Ɗansa Muhammadu Kabir Usman ya gaje shi, ya yi sarauta har 2008, sa'an nan jikansa Abdulmumini Kabir Usman ya hau. Janar Hassan, wanda ya rasu a 1995, da Sarki Kabir, dukansu sun gaji ubansu a wasan. Wasan da dā ake kallo daga gefe ya zama na 'yan ƙasa, ana yinsa a Katsina da Kano da Kaduna da Zariya da Legas da waɗansu garuruwa.

To, yara, ba kowa ne ɗan sarki ba, ba kowa kuma ke da bargar dawaki ba. Amma abin da ya kai Nagogo inda ya kai ba a fada kaɗai ake samunsa ba. Ya karɓi abin da ya gada, watau hawan doki, ya ƙara masa abin da ya koyo daga waje, ya dage a kai har ya fi waɗanda suka kawo shi. Ya koyi cewa mutum ɗaya ba ya cin wasan mutum huɗu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya koyi tausayin dabbar da ke ɗauke da shi, da bin doka ko rai ya ɓaci. Yaron da ke kiwon tumakin gidansu a Gagarawa, da yarinyar da ke koyon lissafi a Sule Tankarkar, duk suna iya koyon waɗannan halaye tun yau. Allah ya jiƙan Sarki Usman Nagogo, ya sa mu yi koyi da halayensa na kirki, amin.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Usman Nagogo, wane ne kuma mahaifinsa?
2. Mutum nawa ke yin wasan folo, don me kuma ake sauya dawaki bayan kowace caka?
3. Me ya sa aka hana gitta wa wanda ke bin layin ƙwallo?
4. Waɗanne muƙamai biyu Nagogo ya riƙe kafin ya zama sarki?
5. Me ya kai shi ƙasar Bama, wane amfani kuma tafiyar ta yi?
6. Rubuta sunayen kayan doki guda biyar da ka sani, ka faɗi amfanin kowanne.